Ɗakin da Ba Rufi a Kwarin Ma'auna

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya nesanta gefenta, ya halicci hanya ya halicci mai bin ta, ya yanka wa kowace tafiya iyaka ko da matafiyin bai sani ba. Bayan haka, ku gyara zama. Ni ne Korau ɗan Bagudu, marini jikan marini, mutumin Tsamiyar Dawa, kuma abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya riƙe abarsa sai na kai aya, don ni ba na son a katse ni.

Mu biyu iyayenmu suka mutu suka bari, ni da yayana Arzika. Shi mutum ne mai nauyin baki. Kafin ya gama sallama, ni na gaisa, na tambayi iyali, na yi tsegumin mutum uku, na yi bankwana. Tare muke aiki a karofi, hannuwanmu shuɗaye har gwiwar hannu, irin shuɗin da ba sabulun da ke fitar da shi. Ni ina zuba, shi yana sauraro, a haka muka girma.

Wata shekara wani falke ya sauka a garinmu da labarin wani wuri can yamma da yamma, wai shi Kwarin Ma'auna, inda mutane ke auna magana kafin su karɓe ta. Ilimin nan ne malamai ke kira manɗiƙi. Tun daga ranar Yaya Arzika bai sake zama daidai ba. Ya riƙe falken nan da tambaya har mutumin ya gaji ya gudu.

Muna cikin juya ruwan baba a rijiyar rini wata rana ya ce mini, a hankali kamar yadda ya saba, "Korau, duk maganar da ka ji an ce 'saboda haka' a cikinta, haifarta aka yi. Tana da uwa, tana da uba. In ka ce duk zanen da ya shiga karofi shuɗi yake fitowa, uwa ke nan. In ka ce wannan zanen ya shiga karofi, uba ke nan. Ɗan da za su haifa ba sai an gaya maka ba."

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai kowane sakarai ya sani."

Ya ce, "Kowa ya sani. Amma kullum sai ka ga an miƙo wa mutum ɗan da ba na gidan ba, ya karɓa ya goya."

Da kaka ta yi ya ɗaure ƙunshinsa. Ya ce damina biyu zai yi ya dawo. Damina biyun ta wuce, wasu suka bi bayanta, har na daina lissafi. Aure ban yi ba, wa zai ba ni 'yarsa da wannan bakin nawa? Sai in wuni ina surutu a karofi, in juya in ga ba mai sauraro. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba. Ranar da na kama kaina ina yi wa muciyar juya baba bayanin rigimar maƙwabta, na rufe rijiyoyin rinin, na jefa curin shuni a burgamina don kada in rasa abin yi a hanya, na fuskanci yamma. Abu ɗaya na fita nema: in ga yayana da rai, in dawo da shi gida.

Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya da rana su miƙe da yamma. Na wuce duwatsun da ba sa mayar da amsa, ka ƙwala kira muryarka ta tafi ke nan. Daga nan na iso bakin wani kogi baƙi wuluk, wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Ba jirgi, ba gada. Abin da ke fito da mutane wani kada ne mai kai biyu, bayansa ya kai faɗin masussuka. Ya matso ya kwantar da baya, ni kuma na hau.

Sai da muka kai tsakiyar ruwa ya tsaya cak. Kan dama ya waiwayo ya ce, "Ka sani, mu ɓarawo ba ma ƙetarar da shi. Nan muke juye shi. To saurara: duk abin da ya fito daga gabas ɓarawo ne."

Kan hagu ya ce, "Kai kuwa daga gabas ka fito."

Suka haɗa baki, "Ƙarasa."

Ashar ce ta fara zuwa mini baki, na haɗiye ta, don ruwan nan ba na wasa ba ne. Na duba maganar. Ɗan dai nasu ne, ba musu: in har uwar gaskiya ce, uban gaskiya ne, to ni ɓarawo ne, ko na ƙi ko na so. Uban kuwa lafiyarsa lau, daga gabas na fito. Ashe in akwai cuta, a jikin uwar take.

Na ce da kan hagu, don na ga ya fi son hira, "Ranka ya daɗe, kafin in ƙarasa, irin wannan girma naka a ina aka ƙyanƙyashe shi?"

Ya kumbura wuya ya ce, "A mafarin kogin nan, can inda rana ke fitowa. Duk kadan da ke wurin ba kamarmu."

Na ce, "Af, ashe 'yan gida ne. To me kuka sata?"

Kan dama ya daka wa ɗan'uwansa tsawa, wai bakinsa ba ya rufuwa. Kan hagu ya ce ai tun farko shi bai yarda da wannan 'duk' ɗin ba, wani ɓarawon akuya ɗaya suka taɓa kamawa daga gabas, shi ke nan aka yi wa duniya kuɗin goro. Suna wannan cacar baki, ruwa na jan mu, har na hango yashi. Kafin in dire na tambaye su ko wani mai hannu irin nawa ya taɓa wucewa.

Kan hagu ya ce, "Wani mai nauyin baki? Ya wuce. Mun ce ya ƙarasa, ya tsaya yana auna amsa, yana aunawa, har cikinmu ya taɓa ƙasa. Ya sauka ya yi mana godiya."

Na yi dariya har da hawaye a bakin gaɓar nan. Na waiga in ba wani labarin, ba kowa sai yashi. Dariyar ta mutu a bakina, na saɓa burgami na ci gaba.

Bayan tafiya mai tsawo na hango wani birni fari fat. Ganuwa fara, tufafin mutane farare, ko zare mai launi babu a garin, ba su ma san ana rini a duniya ba. A tsakiyar birnin akwai tafki guda, shi kaɗai ne ruwan shansu, kuma da dogon ludayi ake ɗiba. In hannun mutum ya taɓa ruwan, tafkin yakan yi ɗaci shekara guda, hannun kuma ya rine ya zama shuɗi. Ni duk ban san wannan ba. Na shiga ƙofar gari na ɗaga hannu na yi sallama, sai ji na yi an yi caa a kaina.

Aka kai ni gaban mai tsaron tafkin, wata tsohuwa doguwa da ake kira Inna Yada. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baƙo, duk wanda ya tsoma hannu a tafkinmu, hannunsa shuɗi yake zama. Hannunka shuɗi ne. Saboda haka ka tsoma. Hukuncin mai tsomawa kuwa, a fitar da shi ta ƙofar yamma, ba takalmi."

Wannan ta fi ta kada wuya. Na duba uwar, gaskiya ce, duk garin shaida ne. Na duba uban, ga hannuna nan, ba inda zan ɓoye shi. Iyaye lafiyayyu, amma na san ko tafkin ban gani ba. Can abin ya faɗo mini: sun ce tafki na kawo shuɗi, ba su ce tafki kaɗai ke kawo shi ba. Ɗan nan ba su suka haife shi ba, kama kawai ya yi da su.

Na san in na tsaya bayani da baki, ba mai ji. Na ce, "Inna, a ba ni ruwa a ƙoƙo, ko wanda za a kora ai a bar shi ya jiƙa maƙoshi." Aka kawo. Na ciro curin shuni na jiƙa, na murtsuke shi a tafin hannuna, na durƙusa kamar mai neman gafara, na kama hannunta na dama da hannu biyu na riƙe. Da na saki, tafinta da yatsunta sun yi shuɗi.

Na ce, "Inna, ke kuma yaushe kika je tafkin?"

Na zaci za a yi dariya, ko a yi ihu. Sai ga wani dattijo a bayanta ya sulale ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Inna Yada ta daɗe tana kallon hannunta, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, shekarun baya wani ya zo da hannu irin naka. Ya ce mana sana'arsa ce ta mai da shi haka. Yana magana yana tsayawa, yana neman kalma, muka ce rashin gaskiya ne ya sarƙe masa harshe. Ba shi da irin wannan abin naka da zai nuna mana."

Na ce, "Kuka yi yaya da shi?"

Ta ce, "Ƙofar yamma."

Ta kai ni kan ganuwa na gani. Bayan ƙofar nan wani fili ne na toka, iyakar ganinka, yana tururi, ƙarƙashinsa wuta ce da ba ta mutuwa. Nan suka tura yayana ba takalmi, mutumin da ko kaza bai taɓa jifa ba. Wallahi na ji kamar in cinna wa garin wuta in tsaya in ga ya ƙone. Na zage su, zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, suka sunkuyar da kai suna sha.

Inna Yada ta ce, "Duk wanda muka fitar ta nan, ba wanda ya dawo."

Zuciyata ta yi tsalle za ta ƙarasa maganar, na riƙe ta. Ba wanda ya dawo, haka ta ce. Ba ta ce ba wanda ya ƙetare ba. Wa zai tsira daga wannan fili ya sake marmarin garinsu? Na rungumi wannan 'yar tazarar da ke tsakanin maganganun biyu, don ita kaɗai ta rage mini.

Suka fito mini da wata jimina mai tsawon raƙumi, wadda ƙafarta ba ta jin wuta. Ban yi musu godiya ba. Na hau, muka shiga tokar. Ba itace, ba tsuntsu, ba inuwa, sai zafi yana tasowa ta ƙasa yana dukan fuska. Ina tafe ina duban ƙasa ko zan ga sawu, alhali na san iskar shekaru ta share. Na ba jiminar nan labarin gidanmu kaf, da yadda Yaya ke cire mini ƙaya a ƙafa muna yara. Da muka kai inda ciyawa ta fara, ta durƙusa na sauka, ta juya ta tafi abinta. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace, na ji kewar tsuntsuwa kamar ta mutum.

A gabana wani kwari ne kore shar, da rafi, da bukkoki a warwatse. Mutanen wurin suka tarye ni da ruwa da fura. Da na tambayi sunan wurin suka ce Kwarin Ma'auna. Murna ta kama ni. Na ce, "Yayana Arzika, marini, mai hannu irin nawa, ya iso nan? Yana raye?"

Suka dubi juna. Ba wanda ya ce i, ba wanda ya ce a'a. Aka kira babbansu, wani tsoho mai sanda wai shi Baba Sallau. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya ce, "Korau ke nan."

Na ce, "Baba, ina ka san ni?"

Ya ce, "Ya iso, ɗana. Da rarrafe ya iso, ƙafafunsa sun tashi daga aiki, bai sake taka su ba. Ya zauna da mu, ya koyi abin da ya zo nema, har ya koyar. Kullum yana cewa yana da ƙane mai saurin baki, da za a sami mai zuwa gabas da ya aika masa. Ba a samu ba."

Na ce, "To yana ina? Kai ni."

Ya ce, "Zan kai ka, amma ka ji al'adarmu. Labari mai nauyi ba ma ɗora wa mutum shi da bakinmu. Uwa da uba muke kawowa mu ajiye. Ɗan kuwa, wanda abin ya shafa shi ke faɗarsa. Kafin ya faɗa, ba mai zama kusa da shi, don a wurinmu ba abin da ya same shi tukuna."

Muka bi gefen rafi har ƙarshen bukkokin. Ya tsaya ya ce, "A kwarin nan ba ma sauke rufin ɗakin mutum sai mun binne shi da hannunmu." Ya ɗaga sanda ya nuna wani zagayen bango, sama a buɗe. "Wancan ɗakin na Arzika ne, kuma mun sauke rufinsa."

Ya juya ya tafi ya bar ni a tsaye.

Ban ƙarasa ba. Ni da na kuɓuce wa kada, na kuɓuce wa birni guda, tsoho mai sanda ne zai ɗaure ni? Na shiga ɗakin na zauna na fara duba maganar gaɓa gaɓa. Na fara da uwar. Na bi bukkokin kwarin nan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: an taɓa sauke rufin mai rai? Wanda ya yi ƙaura fa? Wanda ya yi laifi? Wanda jinkarsa ta ruɓe za a sake? Kowa ya amsa mini da haƙuri. Mai ƙaura rufinsa na nan har ya faɗi da kansa. Ruɓaɓɓiyar jinka a kanta ake ɗora sabuwa. Ko sau ɗaya ba a taɓa ba, tun kakanni.

Na koma kan uban. Na ce wataƙila iska ce ta yaye. Wata mata mai suna Tasalla ta ce, "Ni na kwance igiyar da hannuna, ɗan'uwa, mijina ya sauke." Na ce wataƙila wani Arzikan ne daban. Ta ce, "Ɗan Bagudu, na Tsamiyar Dawa." Na ce wataƙila ɗakin wani ne aka nuna mini bisa kuskure. Ta nuna mini ƙofar, an sassaƙe dokin ƙofar ƙasa ƙasa don mai shiga da rarrafe.

Sai na juya maganar ta kowace fuska, ko ɗan ba nasu ba ne. Nasu ne. Ba ƙofar baya, ba taga, ba wata hanyar da zan zille. Ban taɓa ganin magana mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa ƙin wata magana kamar yadda na ƙi ta ba.

Na je na sami Baba Sallau a gindin wata ɗorawa, na tsaya a kansa ina huci. Na ce, "Baba, wannan wace irin mugunta ce? Kalma ɗaya ce, ka faɗe ta mana, ka huta in huta."

Ya ce, "In ni na faɗa, ɗana, da ni za ka yi ta musu har ka tsufa. Za ka ce tsohon nan ya ruɗe, za ka ci gaba da yamma kana nema. In kai ka faɗa, da wa za ka yi?"

Na koma ɗakin da ba rufi. Kwanaki suka yi ta wucewa. Rana ta fito ta bangon nan, ta tsaya a kaina, ta faɗa ta wancan. Akan kawo tuwo a ajiye a bakin ƙofa a juya. In na yi tambaya a amsa, in na yi shiru a yi shiru. Na sha kaɗaici a daji da kan toka, amma na cikin mutane ya fi su duka ciwo. Ina ganin muddin ban buɗe baki ba, Yaya na nan wani wuri, ya ɗan fita ne.

Abin da ya karya ni, kowace safiya sai in ga mutanen kwarin sun fito, maza da mata, kowa da tabarmarsa a naɗe a hammata. Sukan tsaya can nesa ƙarƙashin itatuwa, ba sa magana, ba sa matsowa. In rana ta take su koma gida da tabarminsu a naɗe. Gobe su sake fitowa. Har da Baba Sallau, yana dogara sanda. Ashe su ma tun ranar da suka binne shi ba su sami wanda za su yi wa gaisuwa ba.

Wata rana da hantsi na fito na tsaya a ƙofar ɗakin. Suna nan a inda suka saba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Na ce, "Ba ku sauke rufin mutum sai kun binne shi. Kun sauke rufin Arzika." Na dubi tabarmin da ke hammatarsu. "Saboda haka yayana ya rasu."

Ban rufe baki ba na ji ƙarar tabarmi ana warwarewa. Suka taho gaba ɗaya, suka shimfiɗa a ƙofar ɗakin, a gefensa, har cikin ɗakin, suka kewaye ni suka zauna. Tasalla ta ja ni ta zaunar. Baba Sallau ya ajiye sandarsa, ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa, ya kama shuɗin hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Korau, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Arzika."

Na buɗe baki in ce da godiya, kuka ya riga ni. Na yi shi har rana ta karkata, ba wanda ya tashi.

Nan tafiyar Korau ɗan Bagudu ta tsaya. Wanda ya ji, ya sa yayana a addu'a.